Ranar da Aka Sauya Mana Kaka

Ban daɗe da fara koyarwa a wata firamare ta Tambuwal ba aka samu mulkin kai. A watannin da suka biyo baya, duk zuwan da mai duba makarantu zai yi sai ya maimaita mana magana ɗaya: an gama koya wa yara sarakunan ƙetaren teku, yanzu a Jihar Arewa tarihin ƙasar da suke takawa za a koya musu. Matsalar ita ce mu malaman ba mu san shi ba. Don haka bayan kaka, da aka ba da hutu, aka shirya mana yawon gani na yini guda, mu da malaman Jabo, daga Tambuwal har bayan Kebbe, tare da wani dattijo da zai riƙa yi mana bayanin duk inda muka tsaya. Wani attajiri mai sayen auduga, mutumin ƙauyenmu da ya koma gari da zama, shi ya ba da lorinsa.

Da hedimasta ya faɗi wanda zai yi mana jagora sai da na miƙe tsaye don murna. Baba ne.

Ba jini ya haɗa mu ba. Aminin mahaifina ne. Mu gidanmu Fulanin zaune ne, a wani ƙauye tsakanin Kebbe da Fakku, muna noma gero da dawa, muna riƙe da shanu, Fillancin ma ya ɓace mana tun kafin a haife ni. Shi kuwa Baba manomi ne da ya yi fatauci a ƙuruciyarsa, babu wani tudu ko kwari a ƙasar nan da bai san sunansa da labarinsa ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Baba ya tsaya a kaina. Shi ya shawo kan Inna ta bar ni na shiga boko, shi ya raka ni makarantar kwana da akwatina a kan jakinsa. Kowace safiya kuma ƙwaryar nono takan fita daga gidanmu zuwa gidansa, kamar yadda ake yi tun mahaifina yana raye.

Akwai wani kufai nesa kaɗan da ƙauyenmu, inda garin yake a da kafin mutane su matso kusa da gulbi. Ina yaro Baba yakan kai ni can idan shanunmu sun sauka wurin da rani. Yakan nuna mini ragowar ganuwa, da tsohuwar rijiya mai baki na dutse, da wani kabari da aka zagaye da duwatsu a gindin tsamiya. Yakan dafa kaina ya ce, “Nan kakan ubanka yak kwanta. Shi yas sare dajin ga, shi yah haƙa rijiyag ga don shanunai, mutane sunka biyo ruwa sunka zamna. Kak ka mance.” Maraya ba ya da abin tinƙaho da yawa. Ni wannan ne nawa, kuma na riƙe shi da hannu biyu.

Mun tashi bayan hantsi ya fara ɗagawa. An jera mana benci a bayan lori. Attajirin ya shiga gaba, tare da wani wakilin hakimi da ban san dalilin zuwansa ba, ban kuma tambaya ba. Baba ya hau baya tare da mu, da sandarsa, cikin wata farar riga sabuwa fil da ban san shi da ita ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a sanyaye, ya tambayi Inna kamar ba jiya ya baro ta a ƙauye ba. Na ɗauka gajiyar tafiya ce.

Tsayawarmu ta farko a bakin wani tafki ce. Ruwan ya fara ja baya, ya bar laka mai laushi da sawun shanu, bado ya rufe rabinsa. Ƙarar lorin ta tayar da kirinjijiya, suka tashi gaba ɗaya suna fito, har sai da inuwarsu ta ratsa kanmu. Baba ya tsaya a kan wani kututture ya fara magana, nan take ya koma Baban da na sani. Ya faɗi yadda ba a jefa koma a tafkin sai ranar da manyan masunta suka ba da izini, da yadda a wata shekarar yunwa garuruwa suka rayu da tushen bado. Ya sa aka tono ɗaya, ya ɓare, ya miƙa wa mai duba makarantu, mutumin ya tauna yana yamutsa fuska muna ta dariya.

Daga nan muka nufi wani dutse. Lorin ya kasa hawa, muka taka da ƙafa. A gindinsa akwai tulin baƙaƙen duwatsu masu rami-rami, Baba ya ce kashin maƙera ne, ragowar inda mutanen da suke narka tama su fitar da ƙarfe. Ya nuna mana gindin matoyarsu, jan yumɓu da wuta ta mayar kamar dutse. Da muka kai ƙololuwa, ƙasar duka ta shimfiɗu a gabanmu: gonakin dawa da aka girbe, kara a tsaitsaye, rumbuna sababbin jinka, garken shanu kamar an watsa farin wake, can kudu kuma layin itatuwa masu duhu da ke bin gulbi. Ban taɓa ganin ƙasarmu daga sama ba. Wani malamin lissafi daga Jabo, wanda muka yi makaranta tare, ya dafa ni ya ce, “Ashe haka muke da faɗi.”

A nan ne bakina ya buɗe. Na nuna musu wajen kudu na ce, in Allah ya kai mu can da la’asar, za su ga rijiyar da kakan mahaifina ya haƙa da kabarinsa. Na faɗi labarin duka, yadda na ji shi, har da ƙari na ɗoki. Abokan aiki suka fara tsokanata da “ɗan mai gari.” Na juya wajen Baba don ya sa baki. Yana duban ƙasa yana tona tsakuwa da sandarsa.

“Ko ba haka ba, Baba?”

Ya ce, “Allah shi kai mu.”

A Kebbe muka yi azahar. Attajirin ya sa an yanka rago tun kafin mu iso, aka kawo tuwon shinkafa da fura a wani zaure. Na lura an zaunar da Baba a tabarma ɗaya da attajirin da wakilin hakimi, ana zaɓo masa tsoka. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata yau dai an san darajar tsohon nan.

Muka bar lori a bakin gulbi, masu kwalekwale suka tsallakar da mu, sauran tafiyar muka yi ta da ƙafa ta cikin gonaki. Ni ne a gaba, don na san hanya. Rana ta karkata lokacin da muka hango tsamiyar. Komai yana nan yadda na bar shi: ganuwar da ta zama tudu mai ciyawa, rijiyar da igiyoyin guga suka yi wa dutsen bakinta zane, duwatsun kabari da busasshen ganye ya cika tsakaninsu. Kashin shanunmu na bara ma yana nan a warwatse.

Malamai suka yi da’ira. Baba ya shiga tsakiya, ya yi gyaran murya, ya fara da ganuwa: inda ƙofa take, inda maharan dawaki suka taɓa fasowa, yadda annoba ta sa aka tashi. Duk yadda na san shi. Sannan ya taka zuwa gindin tsamiya, ya ɗora kan sandarsa a kan dutse ɗaya.

“Wanga kabari,” in ji shi, “na wanda yas sare dajin ga ne. Shi yah haƙa rijiya, mutane sunka biyo ruwa sunka zamna. Ɗan jikanai kuwa ga shi nan cikinmu.”

Na riga na fara sunkuyar da kai don kunya. Da na ɗago sai na ga sandar ba ni take nunawa ba. Attajirin take nunawa.

Na ɗauka kuskure ne na tsufa. Har dariya na yi. Na ce, “Baba, ai ga ni nan.”

Bai dube ni ba. Ya ci gaba da jero sunaye, wane ya haifi wane, har ya sauko kan mahaifin attajirin, ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wanda ya yi kuskure ba ya jera magana haka. An zauna an shirya ta.

Na shiga cikin da’irar. “Baba, kai da bakinka ka ce mini kakan mahaifina ne. A nan wurin. Hannunka a kaina.”

Wakilin hakimi ya gyara tsayuwa yana kallon Baba. Sai a lokacin Baba ya juyo, ya dube ni kamar yadda ake duban yaron maƙwabta da ya shigo zance ba sallama.

“Malam, yaro kake lokacin, kuma maraya. Abin da aka faɗa ma maraya don shi yi kwana daban ne. Gidanku mutanen kirki ne, amma baƙi ne. Kiwo yak kawo su, anka ba su wuri sunka zamna. Shanunku suna shan ruwa nan, shi ke nan.”

Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Wani ya yi ’yar dariya ya haɗiye ta. Mai duba makarantu ya ce da ni a hankali, cikin tausayi, kowane gida yana da irin labarin da ake ba yara, ba abin kunya ba ne. Tausayin nan ya fi dariyar ciwo. Malamin lissafi ya kamo hannun rigata ya ja ni baya.

Attajirin ya matso gaban kabarin, ya share ido da gefen rawani, ya roƙi jama’a a yi wa kakansa addu’a. Kowa ya ɗaga hannu. Na tsaya ina tunanin ko in juya in tafi. Daga baya na ɗaga nawa, don wanda ke kwance a wurin nawa ne ko me aka ce, kuma bai taɓa samun masu yi masa addu’a da yawa haka ba. Na shafa tare da su, ina jin muryar Baba tana amsa amin a bayana.

Ban bi su komawa ba. A bakin gulbi na ce wa hedimasta zan kwana wajen mahaifiyata, na juya na nufi ƙauye. Baba ya shiga kwalekwalen farko, kusa da attajirin, bai waiwayo ba.

Na sami Inna tana ɗaure maruƙa. Na faɗa mata duka a tsaye, ban ko cire takalmi ba. Ta gama ɗaurin da take yi, ta gwada igiyar, sannan ta ce, “Gaban mutane yac ce baƙi?” Na ce gaban mutane. Washegari ƙwaryar nono ba ta fita ba, ba ta kuma sake fita ba har abada. Idan sun haɗu da Baba a hanya takan rusuna ta gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta wuce.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne mai unguwar ƙauyen a lokacin, kamar yadda ubansa ya yi. Shi ya buɗe mini ido. Ya ce ana shirin yanka wa yankinmu dagaci nasa na kansa, attajirin kuma ya daɗe yana nema, abin da ya rasa kawai shi ne asali. “To ga shi an ba shi,” in ji Baffa, “gaban wakilin hakimi, da malaman boko shaidu. Mi kaka tsammani anka ɗauko ku cikin mota don shi?” Sai na tuna ragon Kebbe.

Da Baba ya dawo gida na je na same shi. Hantsi ne, yana zaune a inuwar rumbu yana tufka igiyar rama, ya koma cikin tsohuwar rigarsa. Na yi sallama na zauna a ƙasa inda na saba zama. Na zo da maganganu da yawa, amma abin da ya fito guda ne.

“Baba, wanne ne gaskiya?”

Ya ci gaba da murza ramar a cinyarsa. “Wanda nif faɗa maka kana ƙarami.”

Na yi zaton zai musa. Da ya musa, da na sami abin yin faɗa da shi.

“To don me?”

“Kujerar Makka yab ba ni.” Ya faɗe ta a fili, ba ɓoye-ɓoye. “Ɗana, dubi ƙafafuna. Tun ina saurayi nika cewa baɗi, baɗi. Abokan fataucina sun tafi da ƙasa, wasu sun komo, wasu sun mutu hanya. Ni ban da shanun saidawa. Yanzu ga jirgi. Wanda ak kwance can bai rasa komi ba, ƙasa ɗai ta. Ku kuma ba sarauta kuka nema ba.”

“Ba sarauta ba ce, Baba. Ka ce mu baƙi ne. Ka ce don in yi barci ka faɗa mini.”

Nan ne hannunsa ya tsaya. Ya ce, “Ban san kana cikin motar ba sai da nig gane ka. Da ka yi kurum, da ban kai nan ba.”

Wato laifin ya dawo kaina. Na duba fuskar nan da na sani fiye da ta mahaifina, na nemi wani abu da zan riƙe, ban samu ba. Na miƙe na ce na bar shi lafiya. Ya ce in gaida Inna.

Kafin wata damina ta zagayo an naɗa attajirin dagaci. Baffa ya je ya yi mubaya’a kamar kowa, ya dawo ya kwanta kwana biyu. Sabon dagacin ya sa aka zagaye kabarin da ginin siminti aka shafa farar ƙasa, aka kuma shinge kufan gaba ɗaya don kada dabbobi su ɓata wurin kakanni. Shanunmu suka koma sauka can gaba, inda ruwa ya fi nisa. A makaranta kuwa, abin da Baba ya faɗa a gindin tsamiya shi ya zama darasi. Na roƙi hedimasta ya ba wani ajina a lokacin tarihi, ni in karɓi lissafinsa. Ya dube ni, ya gane, ya yarda bai tambaye ni dalili ba.

Baba ya je Makka ya dawo. Na bi jama’a na je yi masa barka, don rashin zuwa zai zama abin magana a kan Inna. Ya miƙo mini dabino da ruwan zamzam a ɗan ƙoƙo, na sha, na yi masa addu’a, na fito. Shekaru suka wuce haka. Na yi aure, aka mayar da ni wata makaranta a Kebbe. ’Ya’yan Baba maza biyu suka kama aiki a wajen awon audugar dagacin.

Wata ranar kasuwa aka aiko mini cewa Baba yana kwance, yana nemana. Na hau keke na tafi, kuma ba zan ɓoye ba, da fata na tafi. Duk tsawon hanya ina shirya yadda abin zai kasance: zai sa a kira liman da Baffa da dattawan unguwa, ya faɗi magana ɗaya a gabansu. Ban damu da sarauta ba, ban damu da shinge ba. Kalmar nan ta “baƙi” kawai nake so ya janye a inda kunne zai ji.

Na same shi ya rame ƙwarai, idanunsa sun yi fari. Ya gane muryata. Ya ce wa matarsa ta fita ta saki asabari. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

“Ɗana, ka yafe min.”

Na ce, “Baba, liman yana ƙofar gida. Baffa ma yana kusa. In kira su?”

Yana numfashi da ƙyar. Na ji yatsunsa sun saki kaɗan.

“Ƙannenka can wajen dagaci suka cin abinci,” in ji shi. “In nif faɗi, su za a kora. Bari shi tsaya tsakaninmu. Kai ka sani, ni na sani, Allah ya sani.”

Na zauna riƙe da hannunsa. A waje ana daka, kaji suna tono a bakin ƙofa. Yana jiran kalma ɗaya daga bakina, na kuma san wacce ce. Na buɗe baki na ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Ya ce amin. Ya san ba ita ya roƙa ba, ni ma na sani. Bai sake tambaya ba.

Da na fito na kama kekena, matarsa ta biyo ni da ƙwan zabi a cikin ɗan kwando, ta ce in kai wa yara. Ba ta san abin da ya gudana a ɗakin ba, tana ta sa mini albarka don na zo. Na karɓa na ɗaure a bayan keke. Hanyar Kebbe ramuka ce da yashi, don haka ban hau ba, na tura shi da hannu har gida don kada su fashe.